Kwana Tara Ina Wankin Gemu

Edita, ina yi maka sallama irin ta tsofaffi, amma na datse ta saboda takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya a firamaren Sakajiki, shekarar da mahaifina ya lura gonar gero ta fi malamin lissafi buƙatata. Abin da na tsira da shi daga boko uku ne: karanta kwanan wata, sa hannu mai lanƙwasa, da ganin cewa na fi duk tsofaffin unguwarmu wayewa. Kada ka sa sunana. Waɗanda sunka san ni za su gane ni tun daga layi na biyu, waɗanda ba su san ni ba kuwa ba su yi asarar komai ba.

Shekara uku da sunka wuce ni tsoho ne mai ji da kansa a Kaura Namoda. Na yi aikin awon gyaɗa da auduga a tashar jirgi tun lokacin da jirgi ke zuwa da gaske, da ƙarfi ya ƙare na koma gida na kama sana'ar da ba ta da fansho, wato ba'a. Muna da majalisa gindin wata darbejiya kusa da masallaci, ni ne limaminta. Duk wanda ya yi sabuwar hula, ko haƙori ya faɗi, ko ya zame a laka, sai ya biyo ta gabana an yanke masa hukunci. Na ba mutane sunaye da yawa, wasu har sun shiga kabari da su. Ina da gemu fari tas, mai tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗori, wanda aska ba ta taɓa ba shekara talatin, kuma da shi nake cin sahun gaba a masallaci ko da na makara. Wanda ya fi kowa shan wuya a hannuna shi ne taubashina, ɗan gwaggona, mutumin wajen Zurmi da ya zauna Kaura yana sayar da iri da taki. Ya girme ni da damina biyu, amma duk wata sai ya rina gemunsa baƙi. Na raɗa masa suna Gindin Tukunya, sunan ya bi shi har 'yan acaɓa na kwatance da shagonsa. Na sha faɗa a majalisa cewa duk tsohon da ya rina furfura ya yi wa Allah gardama kan shekarunsa. Ka riƙe wannan magana, Edita, za ta dawo.

Mata ɗaya gare ni, shekararmu arba'in da ɗaya tare. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, tun wata shekara da tsinken zangarniya ya soke ta wajen sussuka, don haka ido ɗaya ne ke ɗauke da gidan. Da shi take tsince tsakuwa cikin wake, da shi take yi wa matan unguwa ƙunshi da zanen baƙin lalle idan biki ya taso, da shi kuma take duba madubi kowace safiya. Tun ranar da anka kawo ta ban taɓa ganin rana ta yi hantsi ba ta gyara fuska ba. Ba kwalliyar biki nake nufi ba. In ta gama shara ta yi wanka, sai ta zauna bakin gado ta jawo wani ɗan kwando. Mai kaɗan a tafin hannu, hoda ta bi kansa sama-sama, kwalli daga tandu har da idon da ba ya gani, jagira layi ɗaya a kowace gira, sai ta taɓa jan-baki da ɗan yatsa ta shafa yadda ba za ka ce an sa ba. Kafin kunu ya huce ta gama. Ni kuwa nakan tsaya bakin ƙofa in ce ana yi wa tsohon gini yaɓe, a yi hattara da damina. Takan ce Malam, ita ba ta zama gidan miji da fuskar barci, in ni na ga dama in ci gaba da yawo da tawa. A haka muke, ina tsokana tana ramawa, kuma na ɗauka haka za mu ƙare.

Wata Litinin a ƙarshen damina ta tashi da ciwon kai ɓari ɗaya, ɓarin idon mai gani. Idon ya yi ja, tana cewa in ta dubi haske sai ta ga zobe-zobe sun kewaye shi, har ta yi amai sau biyu. Na ce mu tafi ƙaramin asibitin unguwa. A cikin wannan hali, tana dafe da kai, sai da ta zauna ta jawo kwandon nan. Na yi faɗa na ce asibiti za mu ko gidan suna, ta ce ko gidan mutuwa ne ba ta fita kamar an koro ta. Munka tafi. A bencin jira munka tarar da taubashina ya zo awon hawan jini, gemu na sheƙi kamar an goga masa man takalmi. Da layi ya zo kanmu, wata malamar asibiti, mai ladabi ƙwarai, ta haska idon, ta danna shi a hankali da yatsa, fuskarta ta sauya. Ta ce ruwan cikin idon ne ya taru ya yi ƙarfi, wannan ba aikinsu ba ne, sai likitan ido a Gusau, kuma gobe take so mu tafi, ba jibi ba, don irin wannan ciwo ba ya jiran mutum. Ta ba da ƙwayoyi da maganin ɗigawa na riƙon ƙwarya, ta ɗauki biro za ta rubuta takarda. Nan ta ɗago ta dube ni, ta dubi mai ɗakina da hodarta da kwallinta, ta ce Kaka, ɗiyarka ce za a rubuta ko ƙanwarka? Ƙofa a buɗe take. Na ji dariyar taubashina daga benci, irin dariyar mutumin da ya shekara ashirin yana jiran rana ɗaya. Da munka fito ya tare ni, ya ce Kaka a gaida ɗiya, kuma ya yi alkawarin majalisa za ta ji labari kafin la'asar.

Mai hankali da ya koma gida ya nemi mota, ya haɗa tabarma da buta. Ni na koma gida ina jin kalmar nan tana yi mini ƙaiƙayi. Na ce a raina, nan ƙaramin asibiti ke nan, ina ga Gusau, inda malaman asibiti sun fi yawa kuma kowace da bakinta. Mai ɗakina ta sha magani ta kwanta, ta ɗora jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Bayan azahar na lallaɓa na buɗe adudun da take ajiye kayan ƙunshi, na ɗauko dayis, baƙin rinin nan da mata ke zane da shi a hannu. Na sha ganin tana kwaɓa shi, don haka a ganina na yi digiri. Na kwaɓa shi da kauri a murfin kwano, na tauna asuwaki ya yi laushi na mai da shi buroshi, na zauna bayan rumbu na laɓta wa gemu da gashin baki da saje. Ilimin aji huɗu ya gaya mini cewa abin da ya daɗe ya fi kamawa, sai na bar shi har anka kira la'asar. Da na wanke na duba madubinta, sai na ga wani mutum da ban sani ba. Gemun ya yi baƙi ƙirin, baƙin da Allah bai halicci gashi da shi ba. Rinin bai tsaya kan gashi ba, ya kama fatar kumatu, ya kama leɓe, ya gangara wuya, ga yatsuna goma kamar na makanike. Gemun taubashina kusa da nawa furfura ne.

Da ta tashi ta gan ni, sai da ta runtse idon ta sake buɗewa. Ta tambaye ni ko murhu na faɗa. Ta yi dariya tana riƙe da kai, don dariyar na ƙara mata ciwo, ta ce Malam, da na tambaye ta ai da ta gaya mini wannan ba na gashi ba ne yadda na kwaɓa shi, kuma ko a hannu ba a barinsa haka. Daga nan ta ce ba komai, a Gusau ba wanda ya san ni, mu kama hanya da sassafe. Na ce to. Gari na wayewa fuskata ta kumbura, ƙananan ƙuraje sun feso ƙarƙashin gashin suna ruwa, ƙaiƙayi kamar an zuba mini ƙaiƙayin gero cikin riga. Amma gaskiya, Edita, ba kumburin ya hana ni fita ba. Tsakanin gidana da tashar mota akwai majalisa, akwai shagon taubashina, akwai mutum ɗari da na taɓa yi wa suna. Na ce mata mu bari sai gobe, yau zan wanke shi. Ta ce Allah ya kai mu.

Kada ka zaci ban yi tunani ba, na yi tunani har ya yi yawa. Na ce a aske. To, kiran wanzami gida daidai yake da sa shela a kasuwa, kuma aska ba ta hawa fatar da ke ruwa, ga shi ko an aske baƙin na nan a fata, an yi asarar gemu a banza. Na ce in naɗa rawani in ja amawali in rufe baki. A garinmu mutumin da ba shi da sarauta bai isa ya ja amawali ya ratsa kasuwa ba, kafin in kai tasha an kai labari gidan hakimi cewa na naɗa kaina. Na lalubo wani takunkumi da ya rage tun lokacin korona na ɗaura, gemun ya leƙo ta ƙasa da gefe kamar an cusa baƙar akuya cikin aljihu. Duk ƙofar da na duba sai in ga dariya tsaye a bakinta. Ƙofa ɗaya ce ban duba ba, ita ce in aika a kira wani ya kai ta. 'Ya'yana maza suna kudu wajen nema, ɗiyata na aure a Shinkafi, amma maƙwabta na nan, taubashina na nan. Sai dai duk wanda zai kai ta dole ya tambayi ina maigida, ita kuma ba ta fita tafiya ba tare da ni ba, haka munka saba tun farko. Sai na ba da umurni irin na masu gida: duk wanda ya yi sallama a ce na tafi ta'aziyya Birnin Tsaba. Tsohuwar da ba ta iya ƙarya ba ta tsaya bayan ƙyaure tana yi mini ita sau biyar a yini. Da ɗiyarmu ta bugo waya, ina zaune kusa ina yi mata alama da hannu, ta ce afolo ne kawai, ya kusa warkewa. Da na ji kalmar a bakinta sai ni ma na yarda afolo ne.

Ita ta kama aikin wankin. Hanyarta ta haƙuri ce. Takan ɗumama man gyaɗa ta shafe gemun, ta bar shi ya jiƙa, sannan ta wanke da sabulun salo da ruwan ɗumi, safe da yamma. Ta ce fata za ta saki baƙin cikin kwanaki, amma gashi sai a hankali, wata ɗaya ko fiye, kuma abin da ya fi shi ne a bar sabon gashi ya fito ana rage tsohon da almakashi. Wata ɗaya! Na ce ita ba ta san kimiyya ba. In ta juya baya sai in shiga nawa gwajin. Na matsa lemun tsami kan ƙurajen nan, na ga taurari da rana tsaka. Na dama toka da kanwa. Na sa garin sabulun wanki na cuɗa kamar ina wanke bargo. Na jiƙa tsamiya. Na sa aka sayi nono wajen mai tallar da ke zuwa daga ruga, mai ɗakina na tsammanin fura zan sha, na tsoma gemu a ƙwarya ƙudaje sunka yi biki. Har kalanzir na gwada, na wuni ina tsoron matsawa kusa da murhu. A kwana na uku, tana cuɗa mini gemu, ta ce Malam ƙwayoyin nan sun ƙare, kuma malamar nan ta ce gobe, ga shi goben ta zama shekaranjiya. Na ce ta ga dai halin da nake ciki, ta ƙara mini kwana ɗaya. Sau biyu ke nan ta yi magana, ranar farko da ranar nan. Ba ta sake ba.

A kwana na huɗu na yi babbar dabara. Na tuna ruwan bilic da take sa wa fararen kaya, na ce abin da ya fitar da manja daga shadda ai ba zai gagari gemu ba. Na tsiyaya a kwano na tsoma. Ba zan kwatanta maka zafin ba, don jaridarku yara na karantawa. Fatar haɓata ta saluɓe, warin ya shige mini hanci har ina tari, gashin ya yi ta karyewa yana bin ruwa. Baƙin kuwa ya tafi, amma fari bai dawo ba. Abin da ya fito ja ne, ja irin na tofin goro a bango, da ɗigon baƙi nan da can. Ta zo da gudu ta yi ta kwara mini ruwa, ta shafa man kaɗanya, tana cewa wannan mutum zai kashe kansa saboda yarinya ta kira shi Kaka, alhali jikokinsa goma sha ɗaya. Ranar Juma'a ta same ni zaune bayan rumbu, ina jin huɗuba ta lasifika, ni da ban taɓa rasa sahun gaba ba. Na ji tausayin kaina ƙwarai a ranar. Kaina kawai.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne wanda ya fi yi mini nauyi. Duk kwanakin nan ba ta fasa jawo kwandonta da safe ba. Wajen kwana na shida ta ce ciwon kan ya lafa, na ce ka ji, dama na faɗa afolo ne, malaman asibitin zamani da tsoratarwa. A kwana na bakwai na ga kwallin ya zarce gefen ido ya nufi kunne, jagirar ta hau sama ta bar girar a ƙasa. Ka san abin da na yi? Na yi dariya. Na ce yau kuma hanyar Gusau anka zana a goshi, har da kwana. Ta yi murmushi ta sa gefen zane ta goge, ba ta rama ba, ita da ba ta barin bashin magana ya kwana. Ranar ta yi tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ta shekara arba'in tana sharewa. Da yamma na ci tsakuwa cikin wake, na yi mita. Mutumin da ke hango sabon faci a rigar wani daga nesa ya zauna gida ɗaya da wannan duka bai ga komai ba, saboda madubinta na hannuna yini guda ina leƙen haɓata.

Ranar kwana na tara da hantsi ta zaunar da ni kan kujerar tsugune, ta shafa mai, ta wanke, ta ɗauraye, ta tsane da tsumma. Ta kama haɓata ta ɗaga wajen rana kamar yadda ta saba, ta ɗan jima, sai ta ce alhamdulillahi Malam, ya fita tas, ya koma fari kamar da, yau sai mu tafi. Na fizgi madubi da murna. Gemun na nan ja wur, ko ɗigo bai sauya ba. Na buɗe baki zan ce wace irin ba'a ce wannan, sai na dube ta. Fuskarta na wajena, amma idon na kallon bayan kafaɗata. Na ɗaga hannu na kaɗa a gabanta. Ba ta ƙifta ba. Na sake kaɗawa har iskar hannun ta taɓa ta, sannan ta ja da baya. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun shekaranjiya haske da duhu kawai take rarrabewa, da hannu take wanke ni. Na ce don me ba ta faɗa ba. Ta ce ta faɗa sau biyu, na uku zai zama kamar tana tura mijinta kasuwa a yi masa dariya. Ta ce ta yi ta neman kalmar da za ta buɗe ƙofar gidan nan, ba ta sami wata ba sai fari.

Ko hula ban tsaya nema ba. Na fita da gemun a buɗe, na bi ta gaban majalisa, na ratsa bakin kasuwa zuwa shagon taubashina. Ina tafe ina jiran dariyar da na ɓuya mata kwana tara. Edita, ba ta zo ba. Mutum biyu sun yi mini barka da dawowa daga Birnin Tsaba, sunka tambaye ni wa ya rasu. Wani dattijo da muke sahu ɗaya ya dubi jan gemun, ya zaci lalle na sa, ya ce madalla Malam, an raya sunna. Ka ji. Tun kwana na huɗu da na fito, abin da zan samu ke nan, addu'a. Taubashina yana auna wa wani taki ya ɗago ya gan ni. Ya dubi gemun, ya dubi saluɓaɓɓiyar haɓar, ya gane komai, don shi ɗan hannu ne. Ga dama ta zo masa har shago, wadda ko a mafarki bai samu ba. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni yaya mai jiki, me likitan Gusau ya ce. Da na gaya masa ba mu je ba, ya ajiye mudun a hankali, ya ce ɗan kawu, kwana tara? Ya rufe shago, ya nemo mota shata, shi ya riƙe mata ƙofa ta shiga. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

A Gusau ba wanda ya tambaye ni ko ɗiyata ce. Ba wanda ya dubi gemuna sau biyu, mutane na fama da abin da ya kawo su. Likitan ido ya karɓi takardar, ya karanta, ya sa yatsa kan kwanan watan, ya dubi kalandar bango. Na gaya maka karanta kwanan wata na cikin abin da na tsira da shi daga boko, don haka na san abin da yake lissafawa. Ya tambaya ina munka tsaya. Ni da ban taɓa rasa amsa a majalisa ba, sai na juya na dubi mai ɗakina. Ita ce ta amsa, ta ce ba a samu mota ba ne, likita, hanyar tamu sai a hankali. Ta sake yi mini ƙarya, ta ƙarshe. Ya auna, ya haska, ya yi abin da zai yi, sannan ya ja ni gefe ya ce ƙarfin ruwan ya danne jijiyar gani har ta mutu, abin da ya mutu a nan ba ya dawowa. Ya ce da an zo a kwana na farko ko na biyu, da akwai magana. Sun yi mata aiki don ciwon kada ya dawo, ciwon bai dawo ba. Ganin ma haka.

Na gaya wa 'ya'yana gaskiya da bakina, don ita ba za ta faɗa ba. Mazan a waya na gaya musu. Ɗiyata ta zo daga Shinkafi ta yi wata guda, tana durƙusawa ta gaishe ni kamar kullum, amma gaisuwar ta gajarce, har yau ba ta koma tsawonta ba, kuma ban ga laifinta ba. Gemun kuwa, da bin hanyar da tsohuwar ta faɗa tun farko, mai da sabulu da almakashi kaɗan-kaɗan, kafin wata huɗu ya koma fari tas, har ya fi da kyau. Na koma sahun gaba. Mutane na ba ni hanya, yara na durƙusa mini. Majalisa ma nakan zauna, sai dai an ce bakina ya mutu, wasu na cewa tsufa ne. Gindin Tukunya bai taɓa ba kowa labarin ba, har yau yana rina gemunsa duk wata, ni kuma da sunansa na yanka nake kiransa.

Na san masu karatu za su so jin darasi, to ga shi, kyauta. Wanda duk ya ga dole sai ya rina gashi, ya nemi wanda ya iya, ya gwada kaɗan a bayan kunne ya kwana biyu ya gani, kada ya taɓa rinin ƙunshin mata. In ya riga ya ɓata, mai da sabulu da haƙuri ne maganinsa. Bilic na shadda ne, kalanzir na fitila ne, na gwada muku duka ba sai kun maimaita ba. Wannan shi ne ƙaramin darasi, wanda kowane wanzami zai ba ku. Babban shi ne wanda na saya da idon wata. 'Yan'uwana tsofaffi masu baki, ku sani dariyar da muke tsoro yawanci tamu ce, mu munka shuka ta, shi ya sa muke jin ta a bayan kowace ƙofa. Mutanen gari ba su da lokacinmu kamar yadda muke zato. In an rubuta muku gobe a takardar asibiti, ku tafi gobe, ko da rabin fuska a aske. Kuma kada hodar matanku ta ruɗe ku. Irin matanmu za su sa kwalli su yi murmushi suna cikin ciwon da zai kayar da namiji, in sun faɗa sau ɗaya sun faɗa da yawa, in sun yi shiru ba warkewa ba ne.

Yanzu kowace safiya, in na taimaka mata ta yi wanka, takan zauna bakin gado ta ce Malam a kawo kwando. Ni ke yi mata. Mai kaɗan, hoda sama-sama, kwalli a ido biyun, jagira layi ɗaya. Na fi wata uku kafin in daina kai kwallin kunne. Takan ce in yi a hankali, ana yi wa tsohon gini yaɓe ne, sai ta yi dariya ita kaɗai. Ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba, ko sau ɗaya, kuma na gwammace ta faɗa. In na gama takan miƙo hannu ta laluba gemuna, ta tambaye ni yau wane launi ne. In ce fari. Sai ta ce to madalla, ashe ana iya fita.